Ruwa cikin mai, man cikin ruwa: abin da masu haɗawa suka ce

Masu haɗa sinadarai sun tattauna yadda ake sa ɗigon ruwa a cikin mai, sannan a watsa man a cikin wani ruwan ba tare da sun rabu ba. Kowa ya yarda zubi biyu ake yi. Na farko a kaɗa ruwa cikin mai da ƙarfi, da Span 80 ko PGPR (sinadaran da ke riƙe ɗigon ruwa a cikin mai). Na biyu a zuba haɗin cikin ruwan waje, a juya a hankali, da Tween 80 (sinadarin da ke riƙe ɗigon mai a cikin ruwa) kaɗan; in ya yi yawa sai ya janye Span ɗin, ruwan ciki ya tsere.

A kan gishiri aka yi ja-in-ja. Ɗan kaɗan a ruwan ciki yana hana ƙananan ɗigo shanyewa cikin manya, amma in ya zarce na waje sosai, ɗigon ya zuƙi ruwa, ya kumbura, ya fashe. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a daskarar da ruwan cikin da jelatin.