Muhawara: Shin wanda ba ya iya rera waƙarsa a gaban jama'a mawaƙi ne?

Malamin adabi: Assalamu alaikum. Ni a ganina, duk wanda zai hau dandamali a kunna masa faifansa, shi kuwa yana motsa leɓe yana tsalle-tsalle, bai cancanci a kira shi mawaƙi ba, komai daɗin abin da ya fito da shi daga sitidiyo. Waƙa aikin murya ne da numfashi, kuma a gaban jama'a ake gane mai ita. Duniya ma ta taɓa yanke hukunci a kan wannan. A farkon shekarar 1990 aka ba Milli Vanilli, samarin nan biyu da suka yi tashe daga Jamus, kyautar Grammy, amma a watan Nuwamba na shekarar aka ƙwace ta, bayan furodusansu Frank Farian ya fito ya ce ba su ne suka rera waƙoƙin ba.

Mai haɗa sauti: Wa alaikumus salam, Malam. Da izininka, ka haɗa abubuwa biyu da ba su da haɗi. Waɗancan samarin muryar wasu mutane aka ɗora musu, kuma wannan zamba ce da babu mai kare ta. Wanda kuwa aka kunna masa muryarsa ta kansa, a kan waƙar da shi ya tsara, shi ya shiga ɗaki ya rera, wani batu ne daban. Waƙar zamani ba a zama ɗaya ake ɗaukarta ba. Mawaƙi yakan rera baiti ɗaya sau da yawa, a tsinci layin da ya fi kyau daga nan, a tsinci wani daga can, sannan a jera muryarsa a kan muryarsa har ta zama kamar taron 'yan amshi, kuma babu maƙogwaron da zai iya fitar da wannan shi kaɗai a lokaci guda. Ka tuna cewa The Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Birtaniya, sun daina yawon wasa a 1966, kuma ayyukan da aka fi yaba musu da yawansu bayan haka suka yi su. Za ka ce daga wannan shekarar sun tashi daga mawaƙa?

'Yar jarida: Ina ganin ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin tambaya shi ne me aka sayar wa mai sayen tikiti. Idan an rubuta masa cewa wasa ne kai tsaye, ya biya kuɗinsa, ya zo ya tarar da abin da yake da shi a wayarsa aka ƙure wa sauti, to an ci haƙƙinsa, ko da kuwa mai wasan gwani ne na gaske. Saboda haka ne dokar wasannin kasuwanci ta ƙasar Sin ta haramta motsa baki a kan faifai, har da tara. Abin mamaki, a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijin a 2008, yarinyar da duniya ta gani tana waƙa daban, wadda aka ji muryarta daban, kuma abin da ya fusata mutane shi ne ɓoyewar da aka yi.

Ɗalibin jami'a: Ni dai, Malam, ina ganin ma'aunin naka ya yi wa zamaninmu tsauri. Mai zuwa kallon mawaƙin zamani ba murya kaɗai ta kawo shi ba, ya zo ne don rawa, da fitilu, da haɗuwa da dubban mutane suna amsa baiti ɗaya tare. Mutumin da yake rawa babu tsayawa ba zai iya riƙe numfashinsa kamar wanda yake tsaye wuri ɗaya ba. Haka kuma ake yi wa Auto-Tune, manhajar gyaran murya, kuɗin goro. Injiniya Andy Hildebrand ya fitar da manhajar a 1997 domin gyara karin da ya ɗan kauce, amma tun daga waƙar da mawaƙiya Cher ta fitar a 1998 aka mayar da ita salo mai zaman kansa. An daɗe ana cewa mawaƙin Amurka T-Pain ba shi da murya sai na'ura, har ya zauna a ɗan ƙaramin shirin gidan rediyon NPR a 2014 ya rera babu ita, kowa ya yi shiru.

Malamin adabi: Ƙanena, ai hujjata ka ƙarfafa ba ka sani ba. Me ya rufe bakin masu sukar T-Pain? Rerawa da bakinsa, ba wani abu ba. Da bai iya ba, da har yau maganarsu ce a sama. Ni ba na ƙin na'ura, ina ƙin ta zama maɓoya. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan dubi wanda ya shigo fili a lokacin da kalangu ke tashi ya saka shi cikin waƙa nan take, 'yan amshi su karɓa. Wannan ita ce ribar wasa a gaban jama'a, wato abin da zai faru yau ba zai sake faruwa gobe ba. Faifai kuwa bai san wanda ya shigo ba, bai san an yi ruwa ba, bai san jama'a sun gaji ba.

Mai haɗa sauti: Wannan gaskiya ne, Malam, amma bari in bayyana yadda abin yake daga inda muke zaune, domin ba fari da baƙi ba ne kawai. Akwai wanda ake kunna masa kiɗa zalla, shi ya rera komai. Akwai wanda ake bar masa amshi da muryoyin baya a faifai, shi ya ɗauki baitoci, kuma mafi yawan manyan wasanni a nan suke. Sai na ukun, wanda ake sakin babbar muryar gaba ɗaya, a rage masa makirufo, sai dai ya riƙa jefa "ku ɗaga hannu" a tsakani. Gane shi ba wuya. Ku lura da lokacin da ya janye makirufon daga bakinsa ko ya miƙa wa jama'a, idan ƙarfin muryar bai ragu ko kaɗan ba, kun gama ganewa. Haka nan idan ya gama zagaye dandamali da gudu, ya tsaya yi wa jama'a magana yana haki, alhali a cikin waƙar babu ko alamar numfashi. Na ukun nan ni ma ba na kare shi. Sai dai wani lokaci larura ce, kamar ranar rantsar da Obama a 2009, inda makaɗan nan Yo-Yo Ma da Itzhak Perlman suka bi naɗin da suka yi kafin ranar, saboda tsananin sanyi yana iya ɓata sautin kayan kiɗansu ko ya tsinke tsirkiya.

'Yar jarida: To ai ka ga mun dawo kan maganata. Ita ma Beyoncé ta bi naɗaɗɗiyar muryarta wajen rera taken Amurka a rantsarwar 2013, aka yi ta cece-kuce, ta fito gaban manema labarai ta amsa, ta ce ba ta samu damar gwaji da makaɗa ba, sannan ta rera shi nan take. Mu masu sharhi ma muna da namu laifin, domin mukan rubuta cewa wasa ya ƙayatar alhali fitilu da cinkoson jama'a muka yaba. Kamata ya yi a auna faifai da ma'aunin faifai, wato baitoci da kari da tsarin kiɗa, a kuma auna wasa da abin da mutumin ya yi da bakinsa a daren.

Malamin adabi: Hajiya, na yarda a raba ma'aunin biyu, amma ban janye maganata ba. Wanda ya ci na farko ya faɗi na biyu, ku kira shi marubucin waƙa, ko gwanin sitidiyo, ba zan yi musu ba.

Ɗalibin jami'a: To Malam, wanda yake da murya kamar me, yana rerawa kai tsaye babu kuskure, amma ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa ba, sai dai a rubuta masa a ɗora masa kari, shi kuma a wane layi za ka ajiye shi?