An yanke wa yayana rabin hanta, filatilet ɗinsa sun yi ƙasa: me ya hana a ƙara masa?

Assalamu alaikum. Likitoci da ɗaliban likitanci, don Allah ku warware mini wannan.

An yi wa yayana tiyata, an cire ɓangaren hantarsa saboda ƙari, ga shi dama yana da ciwon hanta nau'in B. Bayan aikin, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, wato filatilet, sun sauka zuwa 85,000, alhali na mai lafiya daga 150,000 ne zuwa 450,000.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na karanta cewa aikinsu bai tsaya ga daskarar da jini ba. Suna taruwa a ragowar hantar, su saki sinadarin sirotonin da wasu masu sa ƙwayoyinta su hayayyafa. Binciken da aka yi kan ɓeraye a 2006 ya nuna idan suka yi ƙaranci, tofowar hanta na ja baya.

Likitansa ya ce ba za a ƙara masa ba tunda ba ya zubar da jini, kuma ana gudun gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini hanta. To na jikinsa za su ishi hantar ta tofo? Kuma saifarsa da ta kumbura, ita ce ke riƙe su?