Me za mu kira "hypercapnie" da Hausa?

Majo (ma'aikacin jinya), daga Tahoua: Salamu alaikum. Wata kalma ce ta cije mini, na kawo ta gabanku. Shekaranjiya aka kawo mana wata tsohuwa daga ƙauye. Shekara da shekaru tana girki da itace cikin ɗaki, huhu ya gaji. Tana ta gyangyaɗi da rana tsaka, in an tashe ta sai ta yi magana ba kan gado, in ta miƙa hannu sai ya riƙa kaɗawa. Lokotoro ya ce hypercapnie. 'Yarta ta riƙe bakin rigata ta ce, "Majo, mi ya ce?" Wallahi sai da na yi shiru.

Ga abin da kalmar ke nufi. Duk numfashin da muka ja, oksijin muke shigarwa, muna fitar da iskar kabon, wadda ake rubutawa CO2. Jiki ne da kansa yake samar da ita sa'ad da yake ƙona abinci. In huhu ya kasa fitar da ita, sai ta taru a jini. A jinin lafiyayye awonta 35 zuwa 45 ne a ma'aunin mmHg. In ta haura 45, an shiga wannan hali. Ɗan abin nan da muke maƙalawa a yatsa ba ya nuna ta, oksijin kawai yake aunawa. Sai an ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu.

Malamin makaranta, daga Yamai: Asalin kalmar Girkanci ne: hyper, wato fiye da kima, kapnos kuma hayaƙi. Me zai hana mu ce "yawan hayaƙi a jini"?

Majo: Malam, na yi tunanin haka, amma ina tsoron sa. Lokacin ɗari mutanenmu suna shiga ɗaki da gawayi su rufe ƙofa, a wayi gari an suma ko an mutu. Wannan wata iska ce daban mai guba, CO ake rubuta ta, ba CO2 ba, daga waje take shiga. Da na ce hayaƙi, can hankalin kowa zai tafi, a ce ai ba mu kunna gawayi ba. Tamu kuwa daga cikin jiki take. Mai ƙiba sosai da numfashinsa ke tsayawa cikin barci yana iya samun ta, haka wanda ya sha maganin da ke danne numfashi ya wuce kima.

Wata ungozoma: To "taruwar iska a jini" fa, ƙanena?

Majo: Yaya, ki dubi majinyacin tukuna. Mutum ne da ya rikice, yana sambatu, bai gane 'ya'yansa ba. Ki ce wa danginsa iska ta taru masa, kafin la'asar sun naɗe tabarma sun nufi gidan mai bori. Kalmar iska ita kaɗai ba za ta shiga wannan ɗaki ba.

Wani dattijo, ɗan kasuwa: Yaro, mu a kasuwa kayan da ya kamata su fita amma suka ƙi fita, cewa muke sun yi kwantai. In na fahimce ka, numfashin tsohuwar nan ne ya yi kwantai.

Majo: Baba, Allah ya ƙara girma! Abin ke nan. Ba guba ba ce aka ba ta, abu ne nata da ya kamata ya fita ya zauna. "Kwantan numfashi." Har ya sauƙaƙa mini wani bayani da kullum nake fama da shi: dangi suna ganin mun rage oksijin sai su ɗauka rowa ce, wani ma ya lallaɓa ya murɗa da kansa. Alhali mai tsohon ciwon huhu irin nata, in oksijin ya yi yawa kwantan ƙaruwa yake yi, shi ya sa muke tsayar da awon yatsa tsakanin kashi 88 da 92 cikin ɗari.

Malamin makaranta: A littafi dai zan rubuta "taruwar iskar kabon a jini", sannan in biyo da taku.

Majo: Na yarda, Malam. Yau da safe na gwada ta a kan 'yar tsohuwar. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, yaushe kwantan ka hita?"