Yaƙin unguwa a GTA San Andreas ya tsaya mini a wuya

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya taɓa ƙare wasan bidiyon nan ya taimake ni, kwana huɗu ke nan ina wuri ɗaya.

A waya nake bugawa. Na gama aikin Los Desperados, saura aikin ƙarshe, End of the Line, amma ba ya buɗewa sai Grove Street, ƙungiyar da nake ciki a wasan, ta riƙe wani kaso na unguwannin birnin Los Santos. Tsarin na gane shi: in shiga yankin abokan gaba, Ballas ko Vagos, a ƙafa, in kashe mutum uku, yaƙi ya tashi, su zo zubi uku. Idlewood da Willowfield duk na mayar da su kore, launin Grove Street a taswira.

Matsalata unguwar Las Colinas ce. A zubi na uku sai mutum ɗaya ya maƙale, ina ganin alamarsa a taswira amma shi ko ƙeyarsa ban gani ba, wataƙila yana bayan wani gida a kan tudu. In na zagaya nemansa sai wasan ya ce na yi nisa, a soke yaƙin. Jiya ma ina cikin haka Ballas suka afka wa Idlewood, taswira na ta ƙyaftawa, garin kuma ga tarzoma, motoci na fashewa. Yaran Grove Street da nake ɗauka su taya ni kuwa kafin zubi na biyu sun zube.

Akwai dabarar fito da maƙalallen nan? Kuma ƙananan unguwanni lissafinsu ɗaya da manya, in bar Las Colinas in bi masu sauƙi?