Nauyin mol na Ca(OH)₂: 58 ko 74?

Ɗalibi, Makka:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawar Tahsili, ta neman shiga jami'a a Saudiyya. Tambayar ita ce: mol (ma'aunin yawan sinadari) nawa ne a cikin giram 37 na sinadarin Ca(OH)₂? Nauyin mol ɗin yana fito mini 58, littafi kuma ya ce 74. Ina matsalar take?

Malamin kemistiri, Jidda:
Wa alaikumus salam ɗana. A baka biyun nan take. Lambar 2 da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke ciki, O da H baki ɗaya, kai kuwa H kaɗai ka ninka. Ca ɗaya 40, O biyu 32, H biyu 2, jimla giram 74 a kowane mol. Sai ka raba 37 da 74, ya ba ka rabin mol.

Kada ka tsaya nan, don galibi a gaba ake kama yara. Mol ƙidaya ce kamar dozin, sai dai tasa 6.02 × 10²³ ce. Idan aka tambayi adadin OH⁻, kowane Ca(OH)₂ guda yana ɗauke da biyu, saboda haka rabin mol ɗinka yana ba da mol ɗaya cur na OH⁻, wato 6.02 × 10²³. Riƙa rubuta ma'auni a kowane layi: giram a sama, giram bisa mol a ƙasa, giram ya kashe giram, mol ya rage. In ka ga wani abu daban ya rage, ka kifar da rabawar.

Malama, Madina:
Malam ya gama magana, ƙari kawai. Iskar oksijin O₂ ce, nauyinta 32. Wanda ya sa 16, adadin mol ɗin da zai samu zai ninka biyu. Haka ɗigon da ke cikin CuSO₄·5H₂O tarawa yake nufi: 159.5 na CuSO₄ da 90 na 5H₂O, ya zama 249.5.

Mai aikin ɗakin gwaji, Riyad:
Lita 22.4 da kuka haddace a matsayin girman mol guda ta iskar gas ce kaɗai, a digiri 0 na Celsius da matsin iska atm 1 (matsin iska na yau da kullum). A zafin digiri 40 irin na bazarar nan, mol guda ya kai lita 25.7. Kada a taɓa ɗora ta a kan ruwa, mol ɗin ruwa giram 18 ne, wajen mililita 18. Kuma tunda ba a shiga Tahsili da kalkuleta, ka haddace 18, 44, 58.5, 98 da 100: ruwa, CO₂, gishiri, H₂SO₄ da CaCO₃.