Kilo 7 ko tsoro? Yadda ta kaya a zauren matafiya

Ɗan Yawo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Mun shirya doguwar tafiya ta watanni ni da wani abokina, ba zan kama suna ba, muka yi alkawari kowa jakar goyo ɗaya. Ranar tashi sai ga mutumina da akwati mai taya kilo 23, ga jaka a baya, ga wata 'yar ƙarama a ƙirji. A Benis ta ƙasar Italiya, garin da ke da gadoji sama da 400 kuma galibinsu matakala ne, ni na koma ɗan dako. Jirgin ƙasa ya tafi ya bar mu muna kokawa da akwati a kan gada. Da ya buɗe shi a masauki me zan gani? Takalma ƙafa huɗu, dutsen guga, da riguna da ko takardar kanti ba a cire musu ba. Maganata ɗaya ce: kayan mako ɗaya su ne kayan wata shida, domin duk inda ka je a duniya akwai ruwa da sabulu. Riga uku, wando biyu, 'yan kamfai da safa, rigar sanyi ɗaya, takalmin ƙafarka da silifas. Jaka mai lita 40, nauyi kilo 7, ka shige jirgi da abarka a hannu. Duk abin da ya haura haka ba buƙata ba ce, tsoro ne. Masu jibgar kaya matsorata ne. Wanda ya ji haushi da shi nake.

Alhaji Dattijo: Wa alaikumus salam. Yaro, da ka tsaya a kan labarin gada da na ce Allah ya ba ka lada. Amma "matsorata"? Tun ba a haife ka ba nake hawa jirgi da akwatina, yau ka wayi gari ka ce mini matsoraci?

Ɗan Yawo: Ranka ya daɗe ban kira sunanka ba.

Alhaji Dattijo: Ka ce masu jibgar kaya. Ni ina jibga. To wa ka ware?

Anti Malama: Rigakafi ya fi magani, ƙanena. Wanda ya ɗauki laima kafin hadari ya haɗo ba matsoraci ba ne, mai hankali ne. Ka janye wannan kalma sannan mu saurare ka.

Ɗan Yawo: Anti, dutsen guga rigakafin wace cuta ne?

Mai Kambas: Hhhh wallahi an gama da su. Ina bayanka Ɗan Yawo. Tsoro ne mana. Tsoron kada a gan ka da riga ɗaya a hoto sau biyu. Tsoron kada sanyi ya zo, kada biki ya taso, kada takalmi ya tsinke. Kowace "kada" rabin kilo ce.

Anti Malama: To ai kai ma kana ɗaukar fasfo da kwafinsa, ka ɓoye kuɗi gida biyu. Wannan ba tsoro ba ne? Ko naku tsoron ne mai lasisi?

Mai Kambas: Kwafin fasfo takarda ce guda ɗaya Anti, ba ta karya ƙugu.

Injiniya: Ku bari mu yi lissafi, a daina hayaniya. Jakar goyo mai lita 40 ita kanta ba komai a ciki tana kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda yake aiki a hanya dole ya ɗauki kwamfutar cinya da cajarta, a ce kilo biyu. Saura uku da rabi. Wandon jins ɗaya ya fi rabin kilo. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne cif. Saboda haka kilo 7 na yiwuwa, amma ga wanda waya kaɗai ta ishe shi. Kuma ita wannan lamba ba daga sama ta sauko ba. Iyakar jakar hannu ce a ƙaramin aji na kamfanoni irin su Emirates da Qatar Airways da AirAsia. British Airways kuwa har kilo 23 suke bari a jakar hannu, muddin ba ta wuce santimita 56 da 45 da 25 ba kuma za ka iya ɗaga ta sama da kanka. To matafiyin British Airways mai kilo 12 matsoraci ne, ko jirginsa ne ya fi yalwa?

Ɗan Yawo: Injiniya, doguwar tafiya ba jirgi ɗaya ake hawa ba. Ka shiga Turai da kilo 12, gobe za ka hau Ryanair, inda jakar kilo 10 ma sai ka biya mata kuɗi daban. Ana shirya jaka ne bisa mafi tsananin kamfani, ba mafi sauƙi ba.

Injiniya: Wannan gaskiya ne. Amma ka ga yanzu ka koma maganar kuɗi. Kenan kai ma tsoron biyan kuɗin awo kake.

Alhaji Dattijo: Allah ya yi maka albarka Injiniya. Ashe matsoracin yana cikin gida.

'Yar Ƙwalisa: Ni ba ruwana da tsoro. Riga uku wata shida? Allah ya tsare mu da zama kusa da ku a mota. Wannan ƙazanta ce aka yi mata ado.

Mai Kambas: Ƙazanta kuma? Wa ya fi ƙazanta tsakanin mai wanke rigarsa kowane dare da mai tara dauɗar mako uku a akwati yana yawo da ita ƙasa ƙasa?

'Yar Ƙwalisa: A leda ake ɗaure ta, malam.

Mai Kambas: A leda take nuna.

Ɗan Yawo: Ƙanwata, sirrin a yadin yake. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, a ƙasa mai laima irin Tailan ko Biyetnam lokacin damina ka shanya ta kwana biyu ba ta bushe ba. Riga mai yadin roba marar nauyi ka wanke da dare, ka naɗe ta cikin tawul ka matse, da safe ta bushe. Akwai kuma ulun tumakin merino, asalinsu Sifaniya, yanzu Ostareliya ce ta fi samar da shi. Ba ya saurin ɗaukar wari, kana iya sa riga kwanaki kafin wanki.

'Yar Ƙwalisa: Kun ji ko? "Kwanaki kafin wanki." Da bakinsa ya faɗa. Ni na gama magana.

Anti Malama: Kuma ku maza kuna magana kamar jikin kowa iri ɗaya ne. Mace tana da buƙatun da ba ta da tabbacin samun irin wanda ta saba da shi a kowane gari. Ga man gashi, ga na fata. Ba wanda ya sa wannan a lissafinsa.

Injiniya: Anti, a nan ma akwai doka. Tun bayan makircin da aka bankaɗo a Birtaniya a watan Agustan 2006 na tayar da bam da abu mai ruwa, aka hana shiga jirgi da kwalbar da ta wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda mai haske ta lita ɗaya. Wasu filayen jirgi da suka sa sabbin na'urori sun sassauta, amma ba ko ina ba. Mai jakar hannu zalla sai dai ya koma sabulun gula da man shafawa mai kauri, ko ya saya a can.

Anti Malama: Ka ga ni ba. Wato sai in bar abin da fatata ta sani saboda kada yaro ya kira ni matsoraciya.

Ɗan Yawo: Anti don Allah a bar maganar kalmar nan, a duba abin da nake nufi.

Alhaji Dattijo: Ba za a bari ba. Kai ka kawo ta.

Likita: Gyara ɗaya zan yi in tafi. Mai ciwon suga ko hawan jini ba ya rage magani don jaka ta yi sauƙi. Ya ɗauki isasshe a kwalinsa na asali, da takardar likita, kuma a jakar hannu, domin insulin, allurar masu ciwon suga, na iya daskarewa a ɗakin kayan jirgi. A kuma binciki dokar kowace ƙasa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, alal misali, taramol da kodin magunguna ne da ake sa wa ido sosai, shiga da su ba takarda na iya jefa mutum cikin matsala.

Mai Kambas: Likita ba wanda ya ce a zubar da magani. Dutsen guga muke magana.

Ƙanwar Mai Akwati: Na yi shiru na ga abin ba zai ƙare ba. Wanda ake yi da shi yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tunda ka kawo shi zaure, Yaya Ɗan Yawo, ka faɗi sauran. Wa ya riƙa aron cajarsa? Wa ya sha maganin murarsa? Da kuka hau tsaunuka sanyi ya kama ka, suwaitar wa ka sa? Jakarka ta yi sauƙi ne saboda kayanka suna cikin akwatinsa.

'Yar Ƙwalisa: Tab! Yau ake yin ta.

Alhaji Dattijo: Allahu akbar. Ashe jarumin da jakar wani yake jarumta.

Ɗan Yawo: Aro tsakanin abokan tafiya ba laifi ba ne. Ni kuma na ɗauki akwatinsa a kan gadoji, ai an biya.

Ƙanwar Mai Akwati: Suwaitar ba ka dawo da ita ba har yau.

Ɗan Yawo: Wannan maganar gida ce, ki kira ni.

Ƙanwar Mai Akwati: Kai ka fara kawo maganar gida zaure.

Mahayin Tsauni: Ku tsaya, maganar sanyi tana da muhimmanci. Wanda zai je La Paz a Bolibiya, mita kusan 3,600 sama da teku, ko Kusko a Peru, a watan Yuni ko Yuli, dare yana yin sanyin da rigar sanyi ɗaya ba za ta tare ba. Amma maganin ba babbar jaket ba ce. Riguna marasa kauri ake jerawa, ta ciki, ta tsakiya, sai ta tare iska da ruwa a sama. In ka sauko ƙasa mai zafi ka ba da wadda ba ka buƙata. Masu tattakin Kamino a Sifaniya, kusan kilomita 780 daga iyakar Faransa zuwa Santiyago, suna da ƙa'idar da suke yawan faɗa: kada jaka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka. Kenan mai kilo 90 da mai kilo 55 ba jaka ɗaya za su ɗauka ba. Lamba ɗaya ga kowa kuskure ce.

Mai Kambas: Kenan a ƙa'idarka Alhaji zai iya ɗaukar kilo 12 lafiya lau.

Alhaji Dattijo: Me kake nufi? Ka taɓa auna ni? Admin, ka ga rashin kunyar da ake yi mini.

Mai Kambas: Tuba nake Baba, wasa ne.

Sabon Shiga: Don Allah ni tambaya ce da ni, wata mai zuwa zan fara tafiyata. Fawa banki mai ƙarfin mAh 20,000 za a bar ni in shiga da shi?

Injiniya: Za a bari. Mai 20,000 a kan bolt 3.7 ya kama wat-awa 74, iyakar kuwa 100 ce ba tare da neman izini ba. Amma sai dai a jakar hannu, domin haramun ne a sa shi a kayan awo saboda gobara.

Mai Kambas: Ka ji wata hujjar tamu. Abu mai muhimmanci duk a hannu yake. In akwatin awo ya ɓata, a Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, sai ya yi kwana 21 kafin a ɗauke shi ɓatacce, kuma diyyar tana da iyaka. Kai kana wata ƙasa, akwatinka yana wata.

Anti Malama: Wato kana tsoron ɓatan akwati.

Mai Kambas: Anti kin dawo da mu baya.

Sabon Shiga: To jaka lita nawa zan saya?

'Yar Ƙwalisa: Ka sayi turare tukuna.

Admin: Jama'a ya isa haka, zan rufe wannan magana. Ga abin da na fahimta. Na farko, zaure ya amince kalmar "matsorata" ba ta dace ba, musamman ga manyanmu irin Alhaji da suka riga mu sanin hanya. Na biyu, Injiniya ya tabbatar da lissafi cewa kilo 7 ba ya isar mai hankali. Na uku, Likita da Anti sun nuna rage kaya haɗari ne ga lafiya. Na huɗu, ya tabbata masu ƙaramar jaka da kayan mutane suke rayuwa. Ni kaina akwati biyu nake tafiya da su kuma ban taɓa nadama ba. Ɗan Yawo ya ba Alhaji haƙuri, ya mayar da suwaita.

Injiniya: Admin ban ce haka ba. Cewa na yi yana yiwuwa ga wanda ba ya ɗaukar kwamfuta.

Likita: Ni ma maganar magani kawai na yi.

Admin: An rufe. Duk wanda ya ƙara zan cire shi na kwana uku.

Sabon Shiga: Har yanzu ba a faɗa mini lita nawa ba.