Muhawara a guruf: cen ɗin fokilif (motar ɗaga kaya), samfurin AL ko BL duk ɗaya ne?

Mai Sito Gombe: Salam jama'a. Cen ɗin da ke ɗaga kaya a fokilif ɗinmu ya fara tsatsa, a jiki an rubuta BL634. Na samu AL644 da araha sosai, mai shagon ya ce tsawon gaɓar ɗaya ne, uku bisa huɗu na inci, wai in dai gaɓa ta yi daidai shikenan. In saya?

Direba Tudun Wada: Alhaji saya kawai, cen cen ne. Ai AL ɗin ma fallayen ƙarfen da ke kowace gaɓa jeri huɗu huɗu ne, naka uku da huɗu, kaga ma ya fi shi ƙarfi kenan

Bakanike Bajoga: Subhanallah, Alhaji don Allah kar ka taɓa. Malam direba lissafinka ba haka yake ba, yawan jeri ba shi kaɗai ne ƙarfi ba. Tsawon gaɓa ɗaya ne gaskiya amma BL ƙarfensa ya fi kauri, kaurin fin ɗinsa, wato ƙusar da ke haɗa gaɓoɓin, kusan milimita 8 ne, na AL bai kai 6 cikakke ba, to ka gaya min yadda zai zauna a kan anko, wato ƙarfen da ke riƙe bakin cen, da aka yi wa ramin fin ɗin BL. Shi ya sa yawancin fokilif BL suke zuwa da shi, AL na ƙaramin aiki ne

Direba Tudun Wada: Oga mu fa mun taɓa haɗawa a wani wurin da na yi aiki, aka ɗan yi walda a bakin, ya yi wata da watanni

Bakanike Bajoga: Allah ne ya tsare ku wlh. Wannan ba cen ɗin mashin ba ne da in ya tsinke sai ka tura zuwa gida, wannan tan biyu uku yake riƙewa sama da kan ɗan adam, kuma ƙarfen gasasshe ne, wuta na taɓa shi ya lalace ko da ido bai gani ba. Ba a walda, ba a ƙara gaɓa, kuma cen guda biyun da ke gefe da gefe ake canzawa tare, in ka sa sabo gefe ɗaya tsoho gefe ɗaya, ɗaya ne zai kwashe nauyin duka

Mai Sito Gombe: To Oga ni fa tsatsa kawai na gani, ko dole sai na canza?

Bakanike Bajoga: Ɗauko tef ka auna inda yake bi ta kan fuli, wato gargaren da yake juyawa a kai, nan ya fi cinyewa, kuma cen ɗin ya zama a miƙe da nauyin cokulan ɗaukar kaya a kai. Gaɓa 16 inci 12 ne a sabo, in ya ƙaru da kashi 3 cikin ɗari, wato kusan inci 12 da uku bisa takwas, ya gama aiki. Ka duba ko akwai ƙarfen da ya tsage, ko fin da ya juya, ko gaɓar da ta ƙage ba ta lanƙwasa. Ko ɗaya ka gani a ajiye motar

Injiniya Dukku: Ina bayan Oga. Ƙari kawai, ku daina lafta giris, ƙurar hunturu da ta siminti tana manne masa ta koma kamar yashi, kuma baya shiga ciki wajen fin. Baƙin mai sabo ya fi

Direba Tudun Wada: Maganar giris na yarda, amma kuɗin BL guda biyu a wannan yanayin ba wasa ba ne fa

Mai Sito Gombe: Yaran da ke tsayawa ƙarƙashin kayan 'ya'yan mutane ne malam. Oga gobe da safe in Allah ya kai mu zan auna in turo maka hoto